Dalilin da ya sa ake wuce ƙaƙƙarfan ɗan layin gaba a ƙwallon ƙafa ta Amurka

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa ɗan wasan da ya fi kowa ƙarfi a cikin 'yan layin gabanka, wanda yake ɗaga ƙarfen da sauran ba sa iya motsawa, shi ne kuma 'yan tsaro suke wucewa cikin sauƙi duk lokacin da ake shirin jefa ƙwallo, kuma kana so ka san ko ƙara masa ɗaga ƙarfe zai gyara shi. Ba zai gyara shi ba, domin bisa yadda ka kwatanta shi, matsalar a ƙafafunsa take.

Mutum biyar ɗin nan da suke tsayawa a gaba, wato na tsakiya mai miƙa ƙwallo da biyu na kusa da shi da biyu na gefe, nauyin kowannensu a NFL, babbar gasar ƙwararru ta wannan wasa a Amurka, yakan kai kilo 140, amma idan za a jefa ƙwallo ba a nemi su ture kowa ba. Abin da ake nema shi ne su tsaya tsakanin ɗan tsaro da mai jefa ƙwallo na kimanin daƙiƙa uku. Ƙaƙƙarfan yaro yakan ƙi yarda da wannan, saboda ya saba da cin nasara ta hanyar afka wa mutum, sai ya kai kansa gaba har ya wuce yatsun ƙafarsa. Da zarar nauyinsa ya koma gaba, ɗan tsaro mai wayo ba ya buƙatar ƙarfi ko kaɗan, sai dai ya fizgi kafaɗarsa, ya ɗaga hannu ta samansa, ya bar shi yana dafa ƙasa.

Don haka ka fara da tsayuwa. Ƙafafu su ɗan fi kafaɗu faɗi, nauyi ya zauna a gefen ciki na tafin ƙafa, lanƙwasawa ta fito daga gwiwa da ƙugu ba daga gadon baya ba, ƙirji a sama, kai a baya. Idan na gefe ne, ƙafar waje ita ce take harbawa baya, ta ciki kuma ta biyo ta tana jan ƙasa, kuma kada ƙafafun biyu su haɗu ko su sarƙe, domin a lokacin da suka haɗu ko ƙaramin ɗan tsaro zai iya kifar da shi. Ka nanata masa cewa hanyar ciki ita ce mafi kusa da mai jefa ƙwallo, saboda haka gara a zagaye shi ta waje, inda tafiyar take da nisa kuma zai iya raka mutum ya wuce, da a ratsa shi ta ciki. Na gefen hagu ya fi kowa buƙatar jin wannan, tunda idan mai jefa ƙwallo da hannun dama yake jifa, bayansa yake karewa, inda mai jefawar ba ya gani.

Sai bayan ƙafa ta zauna za ka zo kan hannu. Kafin shekarar 1978, dokar NFL ba ta yarda ɗan layin gaba ya miƙe hannuwansa ya buɗe tafukansa ba, shi ya sa a tsofaffin hotuna za ka gan su da dunƙulallun hannuwa a ƙirji, gwiwoyin hannu a waje. Canjin dokar ne ya haifar da salon da muke koyarwa yau, wanda irin su Anthony Muñoz na ƙungiyar Cincinnati Bengals suka ƙware a kai a shekarun 1980. Ana bugawa da gindin tafin hannu a kan sulken ƙirji, manyan yatsu suna kallon sama, gwiwoyin hannu a matse da haƙarƙari. Wanda hannuwansa suke ciki shi ke juya abokin karawarsa, wanda nasa suka zame waje suka rungumi kafaɗa kuwa, alƙalin wasa zai jefa rawayar tuta a mayar da ƙungiyarsa baya yadi 10. Lokacin bugun ya fi ƙarfinsa muhimmanci: ya jira har ɗan tsaro ya shigo inda hannu zai kai shi ba tare da an sunkuya ba. A ganina, yawancin bugun da ake cewa ba shi da ƙarfi, da wuri kawai aka kai shi.

Idan gudu za a yi da ƙwallo, a nan ne ƙarfin yaronka zai yi amfani, amma ko a nan takun farko gajere ne, kamar taƙi guda, na biyu kuma ya sauka da sauri kafin a haɗu. Kamar a filin kokawa ne, wanda ya shiga ƙarƙashin ƙirjin ɗan'uwansa ya taso da ƙugunsa shi ke ɗaga shi. Alex Gibbs, kocin 'yan layin gaba, ya tabbatar da haka a ƙungiyar Denver Broncos, inda ya tara 'yan layin gaba da ba su kai na sauran ƙungiyoyi nauyi ba, ya koya musu tafiya tare zuwa gefe ɗaya, kowa yana tare yankinsa maimakon bin mutum guda, kuma a bayansu ne Terrell Davis, mai gudu da ƙwallo, ya yi gudun yadi 2,008 a kakar 1998. Sai dai ka kiyaye, idan biyu suka haɗu a kan ɗan tsaro ɗaya, kada ɗaya ya sare shi a cinya ko ƙasa da ita alhali ɗayan yana riƙe da shi a sama, domin NFL ta haramta wannan gaba ɗaya tun 2016 saboda yadda yake lalata gwiwoyi.

Kada ka yanke ƙauna da yaron. Jordan Mailata ya zo ƙungiyar Philadelphia Eagles a 2018 daga wasan rugbi na Ostareliya bai taɓa buga wannan wasa ba, kuma a hannun kocinsa Jeff Stoutland ya zama na gefen hagu da ƙungiyar ta dogara da shi. Daga gobe ka sa yaronka ya mayar da hannuwansa baya, ka ajiye masa ɗan tsaro mai sauri yana kai-komo a gabansa cikin faɗin yadi biyar, shi kuma ya riƙa tare shi da ƙafa kaɗai. Ka tsaya ta gefe, ba ta baya ba, ka lura da kwalkwalinsa, duk sanda ya wuce yatsun ƙafarsa ka busa usur a sake. Kada ka bar shi ya fito da hannuwan sai ka ga ya daina sunkuyawa ko da ya gaji.