Gwajin p53 bayan tiyatar mahaifa: a biya ko a bari?

Wata baiwar Allah daga unguwar Birni, nan Damagaram, ta rubuto cewa an cire wa mahaifiyarta mahaifa saboda sankarar bangon cikin mahaifar, kuma likita ya ba da shawarar a aika tsokar da aka cire wani ɗakin gwaji a duba wasu furotin biyu da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki, p53 da PTEN. Abin hannunsu kaɗan ne, tana so ta san ko gwajin ya cancanci kuɗinsa.

'Yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Idan ɗaya kaɗai za ku iya biya, ku biya na p53. Wannan furotin ne da aka gano a 1979, aikinsa tsayar da ƙwayar halittar da ta lalace kafin ta hayayyafa, ko ya sa ta mutu. Ana rina yankin tsokar a duba shi da madubin ƙara girma, kuma idan rinin ya mamaye kusan dukkan ƙwayoyin, ko ya ɓace gaba ɗaya, alama ce cewa furotin ɗin ya gurɓace. Tun 2013 wani babban bincike a Amurka ya raba wannan sankara gida huɗu, kuma rukunin da p53 ɗinsa ya gurɓace shi ya fi yawan dawowa bayan tiyata. Shi ya sa sakamakon kan sauya magani, domin mai irin wannan, likita kan ƙara mata maganin sankara na jijiya tare da gashi, wato ƙona cutar da hasken na'ura, ko da cutar ba ta yi nisa ba. A 2023 ƙungiyar likitocin mata ta duniya, FIGO, ta shigar da wannan rabe-raben cikin tsarinta na auna matakin cutar.

PTEN kuwa, a ganina, ana iya jinkirta shi. Yakan ɓace a yawancin masu nau'in wannan sankara da ya fi yawa, amma ɓacewarsa ba ta nuna makomar mara lafiya a fili.

Ba a buƙatar sabuwar tiyata, tsokar da aka adana cikin kaki ta isa, don haka ku nemi asibitin ya ba ku ita tare da takardar sakamakon farko. Kafin ku fitar da kuɗi, ki tambayi likitan Hajiya kai tsaye wane magani zai ba ta idan p53 ya fito a gurɓace, da kuma inda za a same shi, domin gashi sai an je Yamai, kuma kuɗin mota da masauki suna cikin lissafi.