Abin da ya sa kakarka ta hana ka ƙirga mutanen gida

Ɗana, na ga saƙonka tun jiya da dare. Ka ce ranar sallah a Tibiri ka tsaya tsakar gida kana nuna yara da yatsa kana ƙirgawa, Hajiya ta daka maka tsawa, kai kuma so kake ka san mu nawa ne a gidan da ma garin baki ɗaya. Tambayarka ta yi mani daɗi wallahi.

Mu da muka tashi ba a ƙirga ɗiya. Ka tambayi mace ɗiyanta nawa, sai ta ce Alhamdulillahi ta yi shiru, ɗan fari ma ko sunanshi ba ta kamawa don alkunya. Tsoron baki ne, kuma kada ka ga laifinsu, Hajiya goma ta haifa huɗu ta binne, ƙyanda da sanƙarau in sun shigo gari da rani ba gidan da suke tsallakewa, to wadda ta ga haka ta yaya za ta so a nuna mata jikoki da yatsa.

Sai kuma lanho, wato harajin kai. Tun zamanin Nasara duk wanda aka rubuta kanshi kuɗi ne za a biya. Na tuna ina yaro malamin rubutu ya zo da dogari suka zauna kan tabarma a zaure, mahaifinmu ya tura yayanmu bayan rumbu ya ce kada ya kuskura ya yi tari.

Garin kuwa gudun yaƙi ya kafa shi. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a jihadin Shehu Ɗan Fodiyo a 1808 aka kashe Sarki Yunfa, Gobirawa suka watse, a 1836 aka sake cin su a Gawakuke Sarki Ali ya rasu a can, daga nan ne Mayaƙi ya tattara sauran jama'a ya zauna Tibiri kusa da Katsinawan Maraɗi, don su ma jihadin ne ya koro su. Mutanen da suka zo a haka, abokin gaba na neman ya san yawansu, ina ganin ba za su so ƙidaya ba. Har gobe Sarkin Gobir na nan, Inna, shugabar matan gidan sarautar Gobir, ita ma na nan da sarautarta.

Yanzu zamani ya sake. Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da miliyan 3 da dubu 400 a jahar Maraɗi, jahar Damagaram kaɗai ta fi ta yawan jama'a a Nijar, kai ma ka ga gonakin da muka noma tsakanin Tibiri da Maraɗi gidaje na cinye su. Da wannan lissafi ake gina lakwal da likita da haƙa rijiya, don haka in masu ƙidaya sun zo a faɗa masu gaskiya, ni ma haka nake yi. Amma gaban Hajiya ka riƙe yatsanka. Juma'a in ka je ka kai mata goro ka ba ta haƙuri, sannan ka biyo ta wajena in lissafa maka zuriyar da sunayensu.