Biyan Albashin Ma'aikata Ta Hannun Dillaliya: Mene Ne Hukuncinsa?

Tambaya: Ina da ƙaramin gidan abinci a Kano da ma'aikata tara. Huɗu daga cikinsu 'yan mata ne da wata dillaliya ta kawo mini daga ƙauye, kuma ita ce ke karɓar kuɗin aikinsu ta kai wa iyayensu. Sauran kuwa ina ajiye musu rabin albashinsu sai Sallah, don kada su ɓarnatar. An ce mini hakan na iya zama bautarwa. Ina gaskiyar maganar?

Amsa: Hajiya, wanda ya gaya miki haka bai yi ƙari ba, ko da yake na fahimci cewa ba da niyyar zalunci kika tsara abin ba. Ma'aunin da ake bi ba ya duba zuciyar mai gida, abin da yake dubawa shi ne halin da ma'aikaci yake ciki: idan ya ce gobe zai bar aikin, zai iya tafiya da haƙƙinsa a hannunsa ba tare da tsoro ko asara ba? In amsar ita ce a'a, to an fara shiga abin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, take kira aikin tilas tun a yarjejeniyarta ta 1930. Ƙiyasin da ta fitar a 2022 ya nuna mutum miliyan 27.6 ne ke cikin wannan hali a duniya, kuma riƙe albashi shi ne hanyar tilastawa da aka fi amfani da ita.

Maganar 'yan matan nan ce ta fi damuna. Yarinyar da take wanke-wanke daga asuba har dare, amma ba ta taɓa riƙe ko sisi daga kuɗin guminta ba, ba ta san nawa ake biya ba, ba ta kuma san nawa dillaliya take cirewa kafin ragowar ya isa ƙauye ba, wannan yarinya ba ta da ta cewa a kan aikinta. Sau da yawa akan ɗora wa irin waɗannan yara bashin kuɗin mota da na la'ada, ko kuma a ba iyaye wani abu tun kafin a taho da su, sai ya zama yarinyar ba ta isa ta koma gida ba har sai an fanshe kuɗin. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP take aiwatarwa, ba ta tsaya kan wanda ya kawo yaro kaɗai ba, ta haɗa har da wanda ya karɓa ya ci moriyar aikinsa ta hanyar da ta saɓa wa doka. Saboda haka cewa "ni dai na biya dillaliya" ba zai wanke ki ba.

Abu na farko shi ne ki tantance shekarunsu. Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aiki irin wannan, wanda bai kai 16 ba kuma ba a sa shi aikin da ya wuce awa takwas a rana. Wadda ta yi ƙanƙanta kada ki kore ta kan titi. Ki nemi iyayenta kai tsaye, ki biya ta duk abin da take bi, a mayar da ita gida cikin aminci. Waɗanda suka isa aiki kuwa, ki zauna da kowacce ita kaɗai, ba a gaban dillaliya ba, ki faɗa mata albashinta, ki riƙa damƙa mata a hannu ko a asusun da ke ɗauke da sunanta. In tana son aika wa iyayenta, ta aika da kanta. La'adar dillaliya nauyinki ce, ba a cire ta daga albashin yarinya.

Ajiye rabin albashi sai Sallah al'ada ce da mutane da yawa suke ɗauka taimako, amma doka ta ce kada tazarar biyan albashi ta wuce wata guda, kuma hadisi ya yi umarni a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Ki biya su cikakke. Mai son tari ya shiga adashi da zaɓin kansa. Haka nan kada ki riƙe wayar kowa ko katin shaidarsa, kada a kulle ƙofar ɗakin kwanansu daga waje, a kuma ba kowa hutun yini guda a mako. Doka ta wajabta a rubuta wa ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa cikin wata uku da farawa, kuma ya dace a karanta wa wanda bai iya karatu ba a gaban shaida.

Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, sai dai wannan sassaucin bai shafi ko ɗaya daga cikin abubuwan da na ambata ba. Idan dillaliyar ta ƙi yarda a biya yaran kai tsaye, ko ta yi barazanar kwashe su zuwa wani gida, ki kai rahoto ofishin NAPTIP da ke Kano kafin ta ɗauke su.