Fitilun Rataye a Ɗakin Girki: Amsoshin Wannan Mako

Wata amarya daga unguwar Yantala ta rubuto cikin damuwa. Sun gina teburin siminti mai tsawon mita biyu a tsakiyar ɗakin girki, tana tsoron ta rataya fitilu a karkace dangin miji su samu abin faɗi. Guda nawa za ta sa, kuma a wane tsayi?

Kwantar da hankalinki, ɗiyata, abin bai kai nan ba. In fitilun masu faɗi ne, kamar santimita 30, biyu sun ishe ki; in ƙanana ne ki sa uku, santimita 60 zuwa 70 tsakaninsu. Na gefe su shigo ciki da aƙalla santimita 30 daga bakin teburin, don kada mai wucewa da tukunya ya buge su. Daga saman tebur zuwa gindin fitila ki bar santimita 75 zuwa 90. Kafin a huda rufi, ki ɗaura ƙoƙo a igiya wani ya riƙe miki, ki tsaya inda kike yanka albasa. In ƙoƙon ya tare miki fuskar wanda ke tsaye ɗaya gefen, a ɗaga shi. Kuma kada su zo ƙarƙashin fanka: za su yi ta lilo, hasken yana rawa a kan wuƙarki.

Wani alhaji daga Tawa yana son sanin wace ce ta fi nuna arziki, mai ruwan zinariya ko baƙa. Alhaji, baƙi ba a kicin ake saukar da su ba. Sayi wadda tsumma ɗaya zai goge. Masu duwatsun gilashi barkatai da masu saƙar kaba, in ƙurar hunturu ta haɗu da tururin man suya, wata biyu sun yi yawa sun koma abin tausayi.

Sai wani magidanci daga Talladje, wanda ya sayi fitilu uku da araha, ƙwan ciki yana ƙonewa duk bayan mako biyu. Malam, kai ka saya wa kanka! Mutum ya kashe miliyoyin sefa a gini, ya zo kan waya da ƙwai ya tsaya cinikin dala ashirin. Kasuwar Katako akwai na ƙwarai akwai jabu, mai shago kuwa abin da aljihunka ya nema zai miƙo maka. Wayar fitila ta zama jan ƙarfe tsantsa, mai kaurin da ake rubutawa 1,5 mm². Ka kankare bakinta da wuƙa a gaban mai ita: in fari ya bayyana a ƙarƙashi, alminiyom ne aka shafa wa ja, ajiye masa kayansa. Irinta ce ke zafi cikin rufi ba wanda ya gani, sai an ji ƙauri.

Ƙwai kuma ka daina duba wat kawai. Ƙwan LED na kirki mai wat 9 yana ba da lumen wajen 800, lumen kuwa shi ne ma'aunin yawan haske. Kwalin da bai rubuta lumen ba, akwai abin da yake ɓoyewa. Wutarmu volt 220 ce, amma kowa ya san yadda take hawa da sauka in zafi ya tsananta, don haka nemi wanda aka rubuta yana jure faɗuwar wuta. Fitila mai rufaffen gindi tana dafa ƙwan ne, musamman a Afrilu da zafin Yamai ke wuce digiri 40. Ɗauki mai buɗaɗɗen ƙasa. Launin haske kuwa, wanda ake rubuta lambarsa da K, nemi 3000K zuwa 4000K, domin farin nan na 6500K yana sa ɗanyen nama ya yi kamar ya kwana.

In jikin fitilar ƙarfe ne, dole a haɗa mata wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya, tunda da jiƙaƙƙen hannu uwargida za ta taɓa ta. Ka kira mai aikin lantarki na gaske, ba yaron maƙwabta mai sukundireba ɗaya ba.