Tambayi Likita: Keke, Hular Kwano da Buguwar Kai

Tambaya: Likita, kullum a keke nake zuwa kasuwa. Da gaske ne yawan hawansa yana rage ƙarfin namiji?

Amsa: Hawan keke motsa jiki ne mai amfani ga zuciya, musamman ga masu hawan jini da ciwon suga. Idan gabanka yana mutuwa bayan doguwar tafiya, sirdin ne yake danne jijiya, sai ka gyara tsayinsa ko ka sauya shi. In abin bai daina ba, ka je asibiti.

Tambaya: Ashe hular kwano ba ta masu babur ba ce kawai?

Amsa: A'a, kwalta ba ta bambanta mai keke da mai babur. A samo wadda ta zauna daidai a kai, a ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa, kuma wadda ta taɓa buguwa da ƙarfi a sauya ta ko ba a ga tsagewa ba. Ƙwaryar da wasu 'yan acaba suka riƙa kifawa a kai a 2009, lokacin da aka tilasta sanya hular a Najeriya, ba ta kare kowa ba.

Tambaya: Ɗana ya faɗo daga keke ya bugu a gefen kai. Ya ɗan suma, ya farfaɗo, har ya ci abinci. Mun zuba wa ƙujewar man birki, mun gasa kumburin da ruwan zafi, amma yanzu yana amai yana yawan barci. Me za mu ba shi?

Amsa: Baiwar Allah, kada ki ba shi komai, ki kai shi asibiti yanzu, ko da tsakar dare ne. Ƙashin gefen kai, tsakanin ido da kunne, ba shi da kauri, kuma akwai jijiyar jini a ƙarƙashinsa. Idan ta tsinke, jini yakan taru a hankali a cikin ƙoƙon kai yana matse ƙwaƙwalwa, alhali yaron yana magana yana wasa, iyaye kuma sun saki jiki suna cewa ai tunda ya tashi shi ke nan. Bayan 'yan sa'o'i sai amai, ciwon kai mai tsanani, barcin da ake tashinsa da ƙyar, ko jijjiga. Gashi da ruwan zafi ba ya kai wa ga jinin da ke ciki. Hoton ƙwaƙwalwa ake yi, wani lokaci kuma sai an yi tiyata cikin gaggawa.

Man birki kuwa, don Allah a daina! Guba ne, yana ƙona nama, yana jinkirta warkewa. Ruwa mai tsabta da sabulu sun isa wanke ƙujewa, sannan a duba ko yana buƙatar allurar rigakafin sarƙe haƙora. Ina sake jaddadawa: kada a jira gari ya waye, kuma idan yana kukan wuya, kada a lanƙwasa masa wuyan wajen ɗaukarsa.