Jidda Ta Matso Kusa, Me Ya Sa Har Yanzu Ake Neman Gafara?

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce Goggonka za ta sauke farali, tana bi gida-gida tana neman gafara, ta biya basussuka har ta bar wasiyya, alhali daga Kano zuwa Jidda jirgi ba ya wuce awa biyar a sama. Kana tambaya ko al'adar nan ba ta tsufa ba.

Lissafinka daidai ne. Tsakaninsu kusan kilomita 3,400 ne. Wanda ya shiga motar Maiduguri lokacin da jirginta ya ɗaga, za ta riga shi sauka. Ka dai tuna mata agogon can yana gaban namu da awa biyu, saboda lokutan salla.

Amma ƙasar da jirgin zai ratsa ta samanta, da ƙafa da jakuna kakanninmu suka taka ta. A bi ta Borno, a shiga Wadai, a wuce Darfur da Kurdufan, a kai Sawakin, sannan a tsallaka Bahar Maliya a jirgin ruwa. In guzuri ya ƙare sai a yada zango a yi noman damina ɗaya ko biyu, daga baya wasu suka riƙa ƙwadagon auduga a yankin Jazira na Sudan. Ƙanen kakana shekara bakwai ya yi kafin ya dawo, ya tarar da yaron da ya bari a goye yana makarantar allo. Su uku suka fita daga unguwarmu. Ɗaya an binne shi a hanya, ɗaya ya yi aure a Sudan ya zauna. Akwai ma gari a can mai suna Mai Wurno, sunan ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya yi gaba da jama'a bayan yaƙin Burmi a 1903. Mai irin wannan tafiya dole ya yi sallamar wanda ba ya sa ran komowa.

To sai dai ba nisa kaɗai ya kawo abin ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa abin da ke tsakaninka da Allah, tuba da aikin Hajji suna kankare shi, amma haƙƙin ɗan'adam sai mai shi ya yafe. Wannan kuwa, jirgi bai rage masa komai ba. Kuma ina saurayi a 1973 jirgin alhazai da ya taso daga Jidda ya yi haɗari wajen sauka a Kano, mutum sama da 170 suka rasu. Turmutsutsun Mina na 2015 kuwa da wayonka aka yi.

Saboda haka kada ka jira ta zo ta same ka, kai ne ƙarami. Ka je gidanta kafin a kira su sansanin alhazai, ka riƙe ɗan abin da ya sawwaƙa na guzuri. In ta ce ka yafe mata, kar ka tsaya cewa ai ba ta yi maka komai ba. Ka ce ka yafe duniya da lahira, kai ma ta yafe maka, sannan ka roƙe ta ta sa ka a addu'a ranar Arfa.