Gudun Minti 12 Zai Nuna Maka Ƙarfin Numfashinka

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina buga ƙwallo a Daura, amma da an dawo daga hutun rabin lokaci sai haki ya kama ni. Abokina ya ce sai a asibiti ake auna ƙarfin numfashi, da na'ura a baki. Babu hanyar da talaka zai bi ne?
Wani ɗan wasa, Daura

Amsa: Akwai, ɗana, kuma ko sisi ba za ka kashe ba. Abokinka bai yi ƙarya ba, awon na'ura ya fi daidaito. Amma a 1968 wani likitan sojan sama na Amurka, Kenneth Cooper, ya nuna cewa nisan da mutum ya ci a gudun minti 12 yana nuna yawan iskar oksijin da jikinsa ke iya amfani da ita. 'Yan wasan Brazil ma sun yi amfani da wannan gwaji a shirinsu na gasar cin kofin duniya ta 1970.

Ka samu fili shimfiɗaɗɗe, ka auna kewayensa da tef. Kada ka yarda da "ai kowa ya san mita 400 ne". Lokacin ina koyar da wasanni a wata sakandare a nan Katsina, na yi zango guda ina murna yarana sun zama barewa, ashe filin bai kai mita 350 ba. Ka ɗumama jiki minti 10, abokin naka ya riƙe agogo yana ƙirga zagaye.

Ga lissafin: cire 505 daga mitocin da ka yi, ka raba saura da 44.73. Mita 2,400 za su ba ka kusan 42, mita 2,800 kuma kusan 51. Wato mililitar oksijin ke nan ga kowane kilo na nauyinka a minti ɗaya. Ƙiyasi ne fa.

Inda samari ke faɗuwa shi ne farawa. Sai yaro ya fita a guje kamar an biyo shi, a minti na huɗu ya koma tafiya yana dafe da ƙugu. Lissafi zai ce ba shi da numfashi, alhali gaggawa ce ta cinye shi. Ka fara da gudun da za ka iya riƙewa, sai a minti biyun ƙarshe ka zazzage abin da ya rage.

Bayan sallar asuba ya fi. Ban da ranar bazara, ban da safiyar da ƙurar hunturu ta rufe gari, ban da azumi a baki. In kana da sikila ko asma, ko ƙirji na yi maka ciwo in ka yi gudu, ga likita tukuna.

Rubuta abin da ka samu, ka yi atisaye mako shida, ka maimaita a fili ɗaya da lokaci ɗaya. Ka aiko min da lambobin biyu mu duba.